Tambayi Mai Gyara: Sayen Kayan Kwamfuta a Gwanjon Intanet

Assalamu alaikum masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan wata magana ɗaya suke yi, wato sayen kayan kwamfuta a shafukan gwanjo na intanet, musamman eBay. Tsadar kaya a kasuwannin Beirut Road da Farm Centre na Kano ta sa jama'a suna leƙa waje, kuma ban ga laifinsu ba. Na zaɓi wasiƙa biyar. Ta farko za ta ɗauke mu lokaci, domin amsarta ta shafi kowa.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne a sashen zanen gine-gine a Zariya. Ina so in haɗa kwamfutar tebur da hannuna, saboda manhajojin zane sun fi ƙarfin laftof ɗina. Na ga katin hoto da RAM da furosesa ana gwanjonsu a eBay, kuɗin bai kai rabin na Kano ba. Babana ya ce wannan cinikin biri a sama ne, ba zai ba ni ko sisi ba. Akwai wani kamfanin jigila da ya ba ni adireshi a Amurka, in kayan sun isa can su turo mini. Shin akwai aminci a wannan ciniki?

AMSA: Ƙanena, Allah ya ba da sa'ar karatu. Maganar Baba tana kan hanya, kada ka ɗauke ta maganar wanda bai san zamani ba. Sai dai akwai kayan da za ka iya saya a can hankalinka kwance, akwai kuma waɗanda ko kyauta aka ba ka ba zan so ka sa su a kwamfutarka ba.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, eBay ba kanti ba ne, kasuwa ce. Tun da Pierre Omidyar ya kafa shi a Amurka a 1995, aikinsa shi ne haɗa mai saye da mai sayarwa ya karɓi lada. Wanda zai turo maka kayan yana iya zama babban kamfani mai kwashe tsofaffin kwamfutocin ofisoshi, yana iya zama wani yaro da ya ciro kati daga kwamfutarsa a ɗakin kwana, yana kuma iya zama ɗan damfara. Shafin yana da kariyar mai saye, kuma kariyar ba ta wasa ba ce. In kaya bai iso ba, ko ya iso ba kamar yadda aka siffanta shi ba, kana da kwana 30 ka kai ƙara. Za a ba mai sayarwa kwana uku na aiki ya warware matsalar, in ya ƙi ka kira hukumar shafin ta shigo. Ko da ya rubuta cewa ba ya karɓar kayan da aka mayar, in dai abin da ya turo ya saɓa wa bayaninsa, dole ya karɓa kuma shi zai biya kuɗin mayarwa. Mutumin da ke zaune a Amurka ko Ingila, wannan ta ishe shi.

Mu kuwa a nan gizo ke saƙar. Da yawa daga masu sayarwa ba sa aikowa Najeriya kai tsaye, shi ya sa ake bi ta kamfanonin jigila irin wanda ya ba ka adireshi. A ƙa'idar eBay kuwa, kayan da mai saye ya bi da su ta hannun kamfanin jigila na daban, ko aka sake tura su wani adireshi bayan sun isa na farko, sun fita daga kariyar. Ma'ana, ranar da aka sa hannu aka karɓi kwalin a ɗakin ajiyarsu na Amurka, suka ɗora shi a jirgi, garantinka ya ƙare a ƙofarsu. In ka buɗe a Samaru ka tarar da kati matacce, mai sayarwa zai ce lafiya lau ya tura, mai jigila zai ce shi kwali aka ba shi bai san abin da ke ciki ba, kai kuma ba ka da hujja a kan kowa. Ko da an yarda ka mayar, kuɗin tura kati daga Kano zuwa Amurka da lambar bibiya yana iya cinye ribar da ka je nema. Ga kwana talatin ɗin nan kuma, tun ranar da kaya ya isa adireshin farko ake fara lissafi, ba ranar da ya shigo hannunka ba.

Wannan ce maganar da nake so kowane mai karatu ya ɗauka daga shafin nan na yau, domin na ga mutane da dama sun shigo shagona da kwali a hannu suna cewa ai akwai garanti, alhali garantin ya mutu tun kayan suna can.

Mafita ita ce mutum. In kana da ɗan'uwa ko aboki a can wanda zai karɓi kayan a gidansa, ya buɗe yana ɗaukar bidiyo, ya sa a kwamfuta ya gwada kafin ya ba mai zuwa gida ko ya kai wa mai jigila, to kariyar tana aiki, domin in an sami matsala shi zai mayar daga can cikin wa'adi. In ba ka da irin wannan mutum, sai ka taƙaita a kan kayan da ba sa saurin mutuwa, kuma kuɗin da in ya salwanta ba zai hana ka barci ba.

RAM, wato memorin da kwamfuta ke aiki da shi tana kunne, da furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, su ne kan gaba a wannan sahu. Ba su da abin da ke juyawa a ciki, ba sa tsufa da wuri, ba su da nauyi, kuma gwajinsu mai sauƙi ne. RAM in ya zo, ka sa manhajar MemTest86 a filas, ka bar ta ta kwana tana gwaji. In gari ya waye babu jan layi, ka samu. Abin da ke kayar da mutane a RAM ba jabu ba ne, rashin dacewa ne. Nau'o'insa DDR3 da DDR4 da DDR5 kowanne da inda tsagarsa take, ba ya shiga ramin ɗan'uwansa. Na laftof gajere ne, na tebur dogo. Sannan za ka ga wani RAM mai yawa da araha ƙwarai, an rubuta ECC Registered ko RDIMM a jikinsa. Na manyan sabobin kamfanoni ne, madabod ɗin gida, wato babban allon da ake jona komai a kansa, ba zai tashi da shi ba, kuma ba za ka ce an cuce ka ba tunda a rubuce yake.

Furosesa ma haka, sai dai ka lura da abu uku. Na AMD mai soket AM4 ƙafafunsa a jikinsa suke, sirara kamar allura, don haka ka nemi hoton ƙasansa a kusa ka ga ko akwai wadda ta lanƙwashe. In ka ga an rubuta ES a talla, ko Intel Confidential a kan murfin, samfurin gwaji ne da ba a yi shi don sayarwa ba, wani madabod ɗin ya karɓe shi wani ya ƙi. Na uku, ka yi hattara da manyan furosesoshin tebur na Intel na hannu ƙarni na 13 da na 14, wato zubi na 13 da na 14 a jerin fitowarsu. A 2024 kamfanin da kansa ya amince cewa wasunsu suna lalacewa a hankali saboda wutar da ke shigarsu ta wuce kima, har ya ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Gyaran manhajar da aka fitar yana hana lalacewa nan gaba, amma wanda ya riga ya taɓu ba ya warkewa, kuma ido ba ya gane shi a hoto. Ɗalibi mai zane, Intel ƙarni na 12 ko Ryzen na AMD jerin 5000 ya wadatar da kai.

Katin hoto, wanda muke kira girafik kad a kasuwa, shi ne inda kuɗin yake, shi ne kuma inda algus ya fi yawa. An taɓa kawo mini wani da aka saya a wani shafin gwanjo, kwalinsa da fankarsa da abin da Windows ke nunawa duk sun ce GTX 1050 Ti ne. Da zarar an buɗe manhaja mai nauyi sai hoto ya wargaje, kwamfuta ta tsaya cak. Da na cire fankar na goge man da ke kan ƙwaƙwalwar katin, sai ga lambar tsohon GTS 450 na shekarar 2010. Abin da suke yi shi ne su sauya BIOS ɗin tsohon kati, wato 'yar manhajar da ke dashe a cikinsa, ya riƙa faɗin sunan da ba nasa ba. Abin ya yi yawa har manhajar GPU-Z, tun 2018, takan rubuta kalmar FAKE, wato jabu, a gaban sunan irin waɗannan katuna. Kyauta ce, ka sauke ta tun kafin ka sayi komai. Wata alama da ido ke gani: katin da aka ce na zamani ne amma yana ɗauke da ramin VGA mai shuɗi, ka bar shi.

Akwai kuma katunan da ba jabu ba ne amma sun sha wahala. Lokacin da Ethereum ya daina amfani da katin hoto wajen haƙar kuɗin kirifto a Satumban 2022, masu haƙa suka juye katunansu a kasuwar 'yan hannu. Da yawansu suna aiki, ba zan ce duka matattu ba ne. Amma sun yi shekaru suna gudu dare da rana, fankokinsu sun gaji, man sanyaya su ya bushe. A ɗaki mai sanyi a Turai irin wannan kati zai iya jurewa. A Zariya a watan Afrilu, ga zafi ga ƙurar da hunturu ya bari a cikin akwatin, nan da nan aibinsa ke fitowa.

Fawa-fak kuwa, wato akwatin da ke raba wuta, kada ka saye shi na hannu ko a ina ne. Shi ne abu ɗaya da in ya mutu yakan tafi da madabod da katin da haddis gaba ɗaya, ga wutarmu da ke hawa da sauka, ga janareta. Tsofaffin da ake sayarwa daga Amurka wasu suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Ƙarfin wutarsu volt 120 ne, namu 230. In aka bar shi a kan 115 ka jona a nan, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Ka sayi sabo na kamfani sananne a gida, da rasit.

Sai karatun talla. Abin da aka fara sayarwa a tarihin eBay wata 'yar fitilar leza ce ta nuni da ta lalace, a kan dala 14.83, kuma mai sayen ya san a lalace take, haka yake so. Har gobe sayar da mataccen kaya halas ne a shafin muddin an faɗa. In ka ga For parts or not working, an gaya maka ba ya aiki, in ka saya ba ka da ƙara a kan cewa ya ƙi tashi. Untested na nufin wai ba a gwada ba. Mutumin da ke sayar da kayan kwamfuta ɗari-ɗari ya ce bai gwada katin dala ɗari biyu ba, ni dai ɗauka nake ya gwada bai ji daɗin abin da ya gani ba. A lokacin ƙarancin katuna na 2020 da 2021 har hoton kati a takarda da kwalin da babu komai a ciki aka riƙa sayarwa, an rubuta gaskiyar a can ƙasan bayani inda mai gaggawa ba ya kaiwa. Ka karanta har layin ƙarshe. In Turancin ya shige maka, ka kai wa wanda zai fassara, babu kunya a ciki.

Shi kansa mai sayarwa, kada lambar yabo ta kashi 100 da ke gefen sunansa ta ruɗe ka. Ka shiga ka ga yabon da aka yi masa a matsayin mai sayarwa ne ko mai saye, kuma a kan wane irin kaya. Asusun da ya shekara yana sayar da kayan yara da tsofaffin littattafai, ya yi shiru, kwatsam ya fito da katunan hoto masu tsada guda ashirin a rabin kuɗi, sau da yawa sace shi aka yi. Ka karanta ƙorafe-ƙorafen da aka yi a kansa da yadda ya amsa su. Hoton talla ya zama na ainihin kayan a kan tebur, lambar jikinsa tana fitowa, ba hoton kamfani ba. Sannan akwai wurin da za ka latsa ka ga kayan da aka riga aka sayar da farashin da suka tafi. Nan ne gaskiyar farashi take. Kuɗin da ka gani bai kai rabin na Kano ba, ina kyautata zaton gwanjon ne bai ƙare ba. A 'yan daƙiƙun ƙarshe farashi ke tashi.

Ka zauna da biro ka haɗa: kuɗin kaya, kuɗin aikawa cikin Amurka, harajin saye na jihar da adireshin yake, domin ba kowace jiha ce irin Delaware da Oregon da ba sa karɓa ba, kuɗin jigila zuwa Najeriya, abin da kwastan za su nema, da canjin da bankinka zai yi maka. Sau tari ratar takan tsuke. Shawarata, RAM da furosesa ka saya a can. Katin hoto ka zo Kano ka saya inda za a sa maka shi a kwamfuta, a kunna masa gwaji mai nauyi irin FurMark kana kallon zafinsa, a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit. Ka kai wa Baba wannan lissafi a takarda, ina ganin zai saurare ka.

TAMBAYA: Ina da shagon buga takardu da ɗaukar hoto a Katsina. Ayyukan kwastomomi sun cika mini kwamfuta. Ɗana ya nuna mini haddis na hannu masu terabait 4 a gwanjo da araha, da kuma wani SSD sabo mai terabait 16 a kan kuɗin da bai kai dala 40 ba. Wanne zan ɗauka?

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Na biyun kada ki ko sake kallonsa. Babu SSD, wato ma'ajiyar bayanai marar faifai mai juyawa, mai terabait 16 a wannan kuɗi a duniya. Na gaske mai terabait ɗaya ma ya fi haka. Waɗanda suka fasa irinsu sun tarar da ɗan ƙaramin katin memori irin na waya a manne a ciki, an saita shi ya riƙa yi wa kwamfuta ƙaryar girmansa. Muguntar abin ita ce yana karɓar aiki kamar gaske. Za ki ga sunayen fayiloli a jere, hankalinki ya kwanta, alhali da ɗan wurin ya cika sabon aiki yana hawa kan tsohon yana shafe shi, ko ya tafi inda babu. Sai ranar da amarya ta zo karɓar hotunan bikinta ki buɗe ki tarar babu komai. Duk wani filas ko katin memori ko SSD da kika saya, ko a ina, ki sa yaron ya gwada shi da manhajar H2testw kafin a ɗora masa aiki. Tana cika shi taf da bayanai ta sake karantawa, ta faɗi ainihin abin da yake ɗauka. Tana cin lokaci, amma ba ta ƙarya.

Haddis na hannu kuma gaske ne, sai dai abu ne mai faifai da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, yana da kwanakinsa, kuma jijjigar hanya daga wata ƙasa zuwa Katsina ba ta yi masa daɗi. Kowane haddis yana rubuta tarihin lafiyarsa a cikinsa, manhajar CrystalDiskInfo tana nuna sa'o'in da ya yi a kunne da wuraren da suka lalace a faifan. Mai sayarwa na kirki yakan sa hoton wannan a talla. Amma shi ma ana goge shi. A farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Jamus mai suna Heise ta bankaɗo yadda aka riƙa sayar wa mutane manyan haddis da sunan sababbi, an mayar da lissafin sa'o'insu sifili, alhali wani lissafi na biyu da ke ɓoye a ciki ya nuna sun yi dubban sa'o'i suna aiki. In an yi wa Jamusawa haka a kantuna, ina ga gwanjo?

Kayan da ke kan wannan haddis amanar mutane ce, ba taki kaɗai ba. Ki sayi sababbi guda biyu ko da masu terabait 2 ne, kowane aiki ya zauna a duka biyun, ɗaya a shago ɗaya a gida.

TAMBAYA: Daga Maraɗi nake. Na yi tayin wani madabod aka fi ni. Washegari saƙo ya shigo mini ta imel cewa wanda ya ci ya fasa, in ina so a sallama mini a kan tayina, amma in tura kuɗin ta Western Union don a guje wa ladan shafin. Har ragi ya yi mini. In tura?

AMSA: Ɗan'uwa, kada ka tura ko dala ɗaya. Wannan tsohuwar damfara ce, kuma galibi mai saƙon ba shi ne mai kayan ba, wani ne da ya sa ido a kan gwanjon. Gaskiya ne eBay yana da tsarin ba wanda ya zo na biyu dama in na farko ya ƙi biya, amma irin wannan tayi a cikin asusunka na shafin yake bayyana, kuma a cikin shafin ake biya. Ka rufe imel ɗin, kada ka latsa komai a cikinsa, ka buɗe shafin da hannunka ka duba akwatin saƙonninka. In babu shi a can, ƙarya ne.

Duk kuɗin da ya fita ta bayan shafin babu mai dawo maka da shi: Western Union, tura wa asusun banki, katin kyauta, kirifto, har da PayPal in aka ce ka zaɓi turawa ta 'yan'uwa da abokai, domin wannan hanya ba ta da kariyar mai saye. Da mai sayarwa ya ce ku koma WhatsApp, cinikin ya ƙare. In ka riga ka latsa wani abu a imel ɗin ka rubuta kalmar sirrinka, ka sauya ta yau, ka kunna tabbatarwa ta biyu ta lambar waya.

TAMBAYA: Malam, abu biyu ke damuna. Na ji an hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, to yaya matsayin ƙara tayi a gwanjo? Sannan na lura duk lokacin da na taya wani RAM, wani yakan ƙara kaɗan-kaɗan har sai ya kusa iyakata ya tsaya. Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Malam, Allah ya saka da alheri da wannan tsantseni. Fatawa ta malamai ce, amma abin da ke cikin Muwaɗɗa a bayyane yake: Imam Malik ya fassara hanin da lokacin da mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye suna ƙulla ciniki, ya kuma ce babu laifi a kayan da aka tsayar don sayarwa mutane da yawa suna tayawa. Abin da aka hana shi ne najashi, kamar yadda ya zo a hadisin Ibn Umar a Bukhari da Muslim, wato mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba sai don wani ya bi shi ya saya da tsada. Tambayarka ta biyu kenan, domin abin da kake zargi shi ne wannan. Dokar eBay ma ta hana shi, amma ana yi, ta hanyar asusu na biyu ko aboki.

Sai dai ka san yadda tayin yake aiki kafin ka zargi kowa. In ka rubuta dala 60 a matsayin iyakarka alhali farashi yana 30, shafin ba ya nuna 60 ɗin, yana ƙara maka ne kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya taya. Mai saye na gaskiya ma yakan yi ta gwada ƙari har ya gaji ya bari. Abin da ke nuna tayin ƙarya shi ne ka ga sabon asusu marar tarihi yana bin kayan mutum ɗaya, ko ya wuce ka sannan ya janye tayinsa bayan ya gano iyakarka, ko ya ci gwanjon amma bayan kwana kaɗan kayan ya sake fitowa a hannun mai shi. In ka ga haka ka kai rahoto ka bar wannan mai sayarwa.

Maganinsa kada ka nuna iyakarka da wuri. Ka yanke abin da za ka iya biya tun kana cikin natsuwa, ka sa shi sau ɗaya daf da rufewa. Ka kula da agogo, gwanjon da zai rufe ƙarfe bakwai na yamma a Kalifoniya lokacin bazararsu, ƙarfe uku na dare ne a Gusau. Kuma tayi alkawari ne, in ka ci dole ka biya.

TAMBAYA: Ni shugaban wata makarantar sakandare mai zaman kanta ne a Bauchi. Muna so mu buɗe ɗakin kwamfuta don yara su saba da jarrabawar JAMB. Na ga ana gwanjon laftof ashirin a dunƙule, tsofaffin na wani ofis, da araha sosai. Me ka gani?

AMSA: Ranka ya daɗe, niyyar tana da kyau, yaran da suka fara taɓa linzamin kwamfuta ranar jarrabawa suna shan wahala ƙwarai. Laftof na ofisoshi irin ThinkPad da Latitude da EliteBook kuwa ƙarfe ne, sun fi sababbin masu araha juriya, kuma kayan gyaransu suna ko'ina. Amma kayan dunƙule galibi ragowa ne bayan an tsince masu kyau an sayar ɗaiɗai. Ka duba da kyau ko an ce babu haddis, babu RAM, babu caja, domin kamfanoni sukan cire haddis kafin su zubar, kuma sayen waɗannan guda ashirin-ashirin kuɗi ne mai yawa. Batir ɗinsu ka ɗauka duk sun mutu.

Babbar matsalar ita ce kulle. Wasu suna zuwa da kalmar sirri a BIOS, wanda a sababbin samfura cire ɗan batirin madabod ba ya goge ta. Wasu har yanzu suna rajiste a tsarin kamfanin da ya mallake su, ka sa sabon Windows, da ka jona intanet sai su nemi imel ɗin ma'aikacin wannan kamfani. MacBook mai kullen asusun Apple na mai shi na farko kuwa, in ba shi ya cire ba, sai dai a yi kayan gyara da ita. Ka tambayi mai sayarwa a rubuce, ta cikin saƙon shafin, ko babu kowane irin kulle, amsarsa ta zama hujja.

Ka kuma tambayi ƙarnin furosesa. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuma Windows 11 a hukumance yana bukatar wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da furosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama. Wannan ne ya sa ofisoshi suke ta zubar da na ƙarni na 6 da na 7, arahar da ka gani daga nan take. Don koyon bugu da gwajin tambayoyi za su yi aiki, musamman in ba za a riƙa jona su da intanet ba, amma kada a biya musu kuɗin na ƙarni na 8. In daga Faransa ko Jamus kayan suke, ka dubi hoton kibod, jerin haruffansu ya bambanta da wanda yaranka za su tarar a cibiyar jarrabawa.

Tunda kuɗin iyayen yara ne, ni ba zan zuba shi a gwanjo ɗaya ba. Ka ɗauki mai gyara da ka yarda da shi, ku je wurin dilolin Landan-yus a Kano ko Computer Village da ke Ikeja, a kunna kowace ɗaya a gabanku, a shiga BIOS, a jona ta da intanet, a danna kowane maɓalli, a rubuta lambar jikinta a rasit tare da kwanakin da za a iya sauya ta. In kuma lallai sai gwanjon, ka fara da guda biyu daga hannun mai sayarwar, su iso Bauchi su yi wata guda a hannun yara kafin ka ƙara.